Yadda Ake Bin Sawun Faifan da Ya Ƙi Ɗauruwa a Sabar Baƙuwa Lokacin Tashi

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, aka kira ni da hantsi daga wani ofishin 'yan kasuwar hatsi da nake kula musu da kwamfuta. Wuta ta ɗauke cikin dare, batirin ajiya ya ƙare, sabar ta mutu, da asuba wuta ta dawo ta tashi da kanta. Mai lissafi ya buɗe manhajarsa ya ga fayau, kamar yau aka saye ta.

"Malam, lissafin shekara uku fa, ko layi ɗaya babu," in ji Alhajin da ke shugabantar wurin.

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, kada kowa ya ƙara shigar da komai. Ga ni nan tafe."

Ko fayil ɗaya bai ɓata ba. Faifan da ke ɗauke da lissafin ne bai ɗauru a mazauninsa ba lokacin tashi, manhajar ta tarar da folda wayam, ta buɗe sabon littafi a ciki. Hanyar da na bi ran nan ita ce zan shimfiɗa a nan, tare da rassanta da na ci karo da su a wasu wuraren.

Kalmomi huɗu za mu yi ta amfani da su. Mai masauki ita ce kwamfutar ƙarfe da ke zaune a ofis. Baƙuwa ita ce sabar Linux da ke zaune a cikinta, wadda ba ta da jikin kanta. Ɗaurawa shi ne abin da umarnin `mount` yake yi, wato haɗa faifai da wata folda ta yadda in ka shiga foldar kana cikin faifan. Ita kuwa foldar, maɗauri zan riƙa ce mata.

Fara da sanin irin baƙuwar da ke gabanka

Kafin ka buɗe kowane fayil, rubuta wannan a cikin baƙuwar:

`systemd-detect-virt`

In ya ce `kvm`, `qemu`, `vmware`, `xen`, `microsoft` ko `oracle`, baƙuwarka cikakkiyar na'ura ce mai karnel nata, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urar, ita ke ɗaura faifanta da kanta, kuma gyaran yawanci a cikinta yake. In ya ce `lxc` ko `openvz`, kwantena ce: karnel ɗin mai masauki take aro, kuma mai masauki ne ke ɗaura mata komai tun kafin ta buɗe ido. A tsoffin sabobin da ba su da systemd, shirin da ke tayar da ayyukan sabar lokacin tashi, duba ko akwai `/proc/user_beancounters`, alamar OpenVZ ke nan, ko kuma layin `VxID` a cikin `/proc/self/status`, alamar Linux-VServer.

Na ga yaron da ya kwashe yini yana gyara `/etc/fstab` na cikin kwantena, yana sake tayar da ita, ba abin da ya motsa. Ba zai motsa ba kuwa, domin systemd in ya gane a kwantena yake, tsallake layukan faifai na wannan fayil yake yi da gangan.

Littattafai uku, ɗaya ne kawai ba ya ƙarya

Bayanin abin da aka ɗaura yana zaune a wurare uku, kuma rabin ruɗanin wannan aiki daga cakuɗa su yake fitowa.

`/etc/fstab` fata ne. Kai ko wanda ya girka sabar ya rubuta abin da yake so a ɗaura lokacin tashi. Kasancewar layi a cikinsa ba ya nuna an yi aikin.

`/etc/mtab` a da littafin ajiya ne da umarnin `mount` ke rubutawa da hannunsa duk lokacin da ya ɗaura ko ya kwance wani abu. Matsalarsa irin ta littafin bashi ce a kanti: in mai rubutu bai samu dama ba, littafin sai ya saɓa da abin da ke kan kanta. Wuta ta ɗauke, tsoffin layuka sun zauna. Tushen faifai, wato `/` da komai ke ƙarƙashinsa, yana a yanayin karatu kawai, an kasa rubuta sabbi. A kwantena kuwa abin ya fi muni, tun da mai masauki ne ya yi ɗaurin daga waje, `mount` na ciki bai san an yi ba balle ya rubuta. Shi ya sa aka daina dogara da shi. Tun daga Debian 7 na shekarar 2013, wannan fayil manuni ne kawai zuwa bayanin karnel, kuma haka systemd yake son ya same shi.

Na uku shi ne bakin karnel: `/proc/self/mounts`, da ƙanensa mai cikakken bayani `/proc/self/mountinfo` wanda ya shigo da Linux 2.6.26 a 2008. Waɗannan ba fayilolin da ke kwance a faifai ba ne, karnel ne ke amsa maka a daidai lokacin da ka tambaya. Lura da kalmar `self` a tsakiya. Amsar ta wanda ya yi tambaya ce, domin tun Linux 2.4.19 na 2002 kowane shiri na iya samun nasa shingen ɗauri. Abin da mai masauki ke gani daban, abin da baƙuwa ke gani daban, har a cikin baƙuwa ɗaya shirye-shirye biyu na iya ganin jeri mabambanta.

To jera su ka kwatanta:

`findmnt --fstab`
`findmnt --kernel`
`ls -l /etc/mtab`

Duk layin da ke cikin na farko amma babu shi a na biyu, shi ne wanda ake nema. Umarni na uku kuma ya kamata ya nuna kibiya zuwa `../proc/self/mounts` ko `/proc/mounts`. In ka ga fayil ne na gaske mai girma da kwanan wata, ko ka ga babu shi sam, ko `df` na ƙorafin ya kasa karanta jerin abubuwan da aka ɗaura, ajiye kwafinsa ka mai da shi manuni:

`cp /etc/mtab /root/mtab.tsoho`
`ln -sf /proc/self/mounts /etc/mtab`

Akwai togaciya ɗaya ga tsoffin baƙin Linux-VServer, zan zo kanta.

Ga misalin layi ɗaya daga `mountinfo`, domin ya kamata idonka ya saba da shi:

`87 25 254:17 / /srv/rumbu rw,relatime shared:41 - ext4 /dev/vdb1 rw`

Gurbi na huɗu, wannan `/` ɗin shi kaɗai, yana faɗin wane ɓangare na faifan aka ɗauko. In ka ga doguwar hanya a wurin, folda ce aka aro daga wani faifai ba faifan gaba ɗaya ba. Na biyar maɗauri ne. Bayan ɗan layin tsakiya akwai nau'in tsarin fayiloli, da na'urar, da zaɓuɓɓukan faifan kansa. Ka ga `rw` sau biyu. Na farko na wannan ɗaurin ne, na ƙarshe na faifan ne. Yana yiwuwa na farko ya ce `rw` na ƙarshe ya ce `ro`, kuma in haka ta faru rubutu ba zai shiga ba.

Tambaya mafi amfani a duk wannan aiki gajeriya ce:

`findmnt -T /srv/rumbu`

Tana faɗa maka a kan wane faifai wannan foldar take zaune yanzu. A ofishin hatsin nan amsar da ta fito `/` ce a kan `/dev/vda1`, maimakon `/srv/rumbu` a kan faifai na biyu. Nan na san lissafin na nan, sai na ce a kawo wa Alhaji ruwan sanyi.

Karanta abin da ya faru lokacin tashi

`systemctl --failed`
`systemctl status srv-rumbu.mount`
`journalctl -b -u srv-rumbu.mount`

systemd yana mai da kowane layin `fstab` ɗan aiki mai suna, inda `/srv/rumbu` ke zama `srv-rumbu.mount`. In sunan foldar na da ɗan layi ko wata alama, kada ka yi ƙiyasi, `systemd-escape -p --suffix=mount /srv/rumbun-bana` zai fitar maka da sunan daidai. In an riga an sake tayar da sabar kafin ka iso, kamar yadda aka saba yi, `journalctl -b -1` zai nuna tashin da ya gabata, muddin akwai foldar `/var/log/journal`. In babu ita tarihin a ƙwaƙwalwa yake, ya tafi da wutar. Ƙirƙire ta yau saboda gobe.

Yawancin sabobin da ake girkawa daga Ngaundere zuwa Marwa har Njamena da Faransanci ake girka su, saboda haka saƙonnin kuskure ma da Faransanci suke fitowa. Karantawa ba wuya, amma in za ka nemi saƙon a intanet amsoshin da za ka samu kaɗan ne. Sa `LC_ALL=C` a gaban umarni, misali `LC_ALL=C mount /srv/rumbu`, saƙon zai fito da Turancinsa na asali.

Cikakkiyar baƙuwa: sunan faifai ba amana ba ne

In tarihin ya nuna an jira na'ura har lokaci ya ƙare (daƙiƙa 90 systemd ke jira in ba a sauya ba), ma'anarsa baƙuwar ta nemi wani faifai da sunan da aka ba ta, ba ta same shi ba. Duba abin da take gani:

`lsblk -f`
`blkid`

Sunaye irin `/dev/sdb1` da `/dev/vdb1` bisa jerin yadda karnel ya gano faifai ake raba su. Ƙara faifai ɗaya, ko sauya nau'in mahaɗin daga SATA zuwa virtio, ko ƙaurar da baƙuwar daga VirtualBox zuwa KVM, sai `sdb` ya koma `vdb`, ko `vdb` ya koma `vdc`. Maganin shi ne ka kira faifan da lambar UUID da `blkid` ya nuna:

`UUID=lambar-da-ka-kwafo /srv/rumbu ext4 defaults 0 2`

Kwafa za ka yi, ba bugawa da hannu ba. Gurabe shida ne a layin, na ƙarshe 1 ne ga tushe, 2 ga sauran faifai, 0 ga abin da ba a bincikawa lokacin tashi. In sunan folda na da fili a tsakiya, `\040` ake sawa a madadin filin.

UUID ma tana da ramin kanta. In ka kwafi faifan wata baƙuwa ka manna shi kusa da na asali, lambobinsu iri ɗaya ne, baƙuwar na iya ɗaura wanda ba shi kake nufi ba. Tsarin fayiloli na XFS ƙin ɗaura na biyun yake yi gaba ɗaya. A kan kwafin, yana kwance, `tune2fs -U random` ke sauya lambar ext4, `xfs_admin -U generate` ke sauya ta XFS.

In kuwa `lsblk` bai nuna faifan ba sam, fita ka je wurin mai masauki. `virsh domblklist sunan-baƙuwa` ko `qm config 101` a Proxmox, manhajar da ke kula da baƙi a kan mai masauki (101 lambar baƙuwar ce), zai nuna abin da aka manna mata. Sau da yawa an manna faifai tana kunne ba a rubuta shi a tsarinta na dindindin ba, da ta mutu sai ya faɗi.

Bayan kowane gyaran `fstab`, kafin ka kuskura ka sake tayarwa:

`findmnt --verify --verbose`
`systemctl daemon-reload`
`mount -a`

Yanzu batun wanda baƙuwarsa ta tsaya a yanayin gaggawa, ba SSH, wato hanyar shiga daga nesa, sai baƙin allo na neman kalmar sirrin `root`, babban asusun sabar. Shiga ta tagar Proxmox ko `virsh console`. A nan ne allon bugunmu na AZERTY ke cin amanar mutane. Na'urar a wannan mataki sau da yawa tsarin Amurka take karantawa, sai ka buga kalmar sirri daidai sau biyar tana ƙi, har ka fara zargin wani ya sauya ta. A da Q sun yi musanya, Z da W ma haka, M yana kan maɓallin waƙafi, lambobi ba sa bukatar a danne maɓallin manyan baƙaƙe, `/` kuma yana kan maɓallin alamar motsin rai. Da ka samu shiga, rubuta `loadkeys fr` (ka tuna Q za ka danna don samun a ɗin) ka huta.

In ta ce asusun `root` a kulle yake, sake tayar da ita, danna `e` a allon GRUB da ke fitowa kafin Linux ya tashi, ƙara `fstab=no` a ƙarshen layin da ya fara da `linux`, ka tashi da Ctrl da X. Za ta tashi ba tare da karanta `fstab` ba. Wannan yana aiki ne in `/var` da `/home` ba a faifai daban suke ba. In daban suke, `init=/bin/bash` ya fi sauƙi. Ko ta wace ƙofa ka shiga, tushen na iya kasancewa a karatu kawai, sai ka buɗe shi kafin ka gyara:

`mount -o remount,rw /`

Tarkon `nofail`, da fayilolin da ke ɓuya ƙarƙashin maɗauri

Duk wanda yanayin gaggawa ya taɓa wahalar da shi, magani na farko da ake ba shi shi ne ya ƙara `nofail` a layin. Yana aiki, sabar za ta tashi ko faifan bai zo ba. Ni da hannuna na sa shi a sabar ofishin hatsin, kuma shi ya jawo kiran hantsin nan.

Abin da `nofail` ke yi a ƙarƙashin systemd biyu ne. Ba a ɗaukar rashin faifan a matsayin laifi, kuma ba a tsayawa jiransa kafin a ci gaba da tayar da sauran ayyuka. Ashe ko faifan lafiyarsa lau, in ya ɗan makara, rumbun bayanai na iya riga shi tashi. Zai tarar da maɗauri, wanda folda ce ta gaske a kan tushe, ya fara rubutu a ciki. In faifan ya ɗauru daga baya sai ya rufe abin da aka rubuta kamar an kifa kwarya a kai. Fayilolin na nan suna cin wuri, `df` na cewa tushe ya cika, `du` na cewa bai ga komai ba. Sabar da ta ƙi tashi kowa ya san akwai matsala. Wannan kuwa tana iya yin sati tana karɓar aikin mutane a inda bai dace ba.

Ga yadda ake leƙa ƙarƙashin kwaryar ba tare da kwance komai ba:

`mkdir /mnt/tushe`
`mount --bind / /mnt/tushe`
`ls -la /mnt/tushe/srv/rumbu`

Wannan ɗaurin yana nuna tushe tsirara, ba tare da abubuwan da aka ɗora masa ba. In `/srv` kanta faifai ce daban, ita za ka ɗaura a madadin `/`. In ka ga fayiloli, tsayar da aikin da ya rubuta su, ka kwashe su da `rsync -a` zuwa sabuwar folda mai kwanan wata a kan faifan gaske. Kada ka zuba su kan na asali. Takardu da hotuna ana iya tsince su ɗaya bayan ɗaya, amma fayilolin rumbun bayanai biyu ba sa haɗuwa da kwafi, in ka ɗora sabo kan tsoho ka kashe tsohon. A wurin Alhaji rasit ɗin safiyar nan kaɗai aka shigar a sabon littafin, muka buga su a takarda mai lissafi ya sake shigar da su da hannu.

Sai a toshe ramin ta fuska biyu. Da farko gaya wa aikin cewa kada ya tashi sai faifansa ya ɗauru. Rubuta `systemctl edit postgresql.service`, ko sunan naka aikin, ka sa:

`[Unit]`
`RequiresMountsFor=/srv/rumbu`

A Debian da Ubuntu PostgreSQL na da ɗan aiki na kowane rumbu, irin `postgresql@15-main.service`, kuma shi ne ke tayar da rumbun na gaske, saboda haka a kansa za ka sa. Na biyu, lokacin da faifan ke kwance kuma maɗaurin fanko ne, kulle foldar:

`chattr +i /srv/rumbu`

Ɗauri a kanta zai ci gaba da yiwuwa, amma in faifan bai zo ba ko `root` ba zai iya rubuta komai a ciki ba. Da waɗannan biyun `nofail` ya zama abin kirki: sabar ta tashi, SSH na aiki, kana iya shiga daga gida, manhajar lissafi kuma ta ƙi buɗewa maimakon ta buɗe da ƙarya. Masu Docker su lura, kwantenar da ta tashi kafin faifai tana riƙe da foldar fanko ko bayan faifan ya ɗauru, sai an sake tayar da ita. `RequiresMountsFor` a kan `docker.service` ke maganin wannan.

In ya ɗauru amma ya ƙi karɓar rubutu

Wannan ɗan gidan ɗaukewar wuta ne. Gwada `touch /srv/rumbu/gwaji`, sannan `dmesg | grep -i -E "ext4|xfs|I/O error"`. In ext4 ya ga ɓarna kuma an sa masa `errors=remount-ro`, rufe ƙofar rubutu yake yi don kada ɓarnar ta yaɗu. Kada ka tilasta masa buɗewa. Je wurin mai masauki tukuna ka duba ko wurinsa ne ya cika, da `df -h`, da kuma `lvs` in LVM mai siririn rabo kake amfani da shi, ka kalli yawan abin da aka cinye. Duba lafiyar faifan ƙarfen da `smartctl -a`. Gyaran baƙuwa a kan faifan da ke mutuwa zuba ruwa ne a kwando.

In mai masauki lafiya, ɗauki hoton faifan baƙuwar ko cikakken kwafinsa, kwance shi da `umount`, ka fara da binciken da ba ya taɓa komai: `e2fsck -fn /dev/vdb1`, ko `xfs_repair -n` ga XFS. Sai ka karanta, sannan ka cire `n` ɗin. Ba a gudanar da gyara a kan faifan da ke ɗaure. In tushe ne ke da ciwon, ƙara `fsck.mode=force` a layin GRUB ko ka tashi da faifan ceto. Zaɓin `-L` na `xfs_repair` yana zubar da rubutun da bai gama sauka ba, ni ba na taɓa shi sai da kwafi a hannu.

Kwantena: gyaran yana wurin mai gida

Proxmox ya bar OpenVZ ya koma LXC tun fitowa ta 4.0 a 2015, kuma shi na fi tararwa a ofisoshi. A wurin mai masauki:

`pct config 105`

Nemi layi irin `mp0: /mnt/babba/rumbu,mp=/srv/rumbu`. Hagu folda ce ta mai masauki, dama inda baƙuwa ke ganinta. A LXC zalla layukan `lxc.mount.entry` ne a cikin `/var/lib/lxc/suna/config`. Don ganin abin da baƙuwa ke gani ba tare da ka shiga ba, samo lambar shirinta na farko da `lxc-info -n 105 -p`, ka ba `findmnt -N` wannan lambar. In ta ƙi tashi ma gaba ɗaya, `pct start 105 --debug` zai nuna inda ta tuntuɓe.

Tarkon da muka gani a sama yana nan ma, hawa ɗaya ya ƙaru. In `/mnt/babba` bai ɗauru a wurin mai masauki ba lokacin da kwantenar ta tashi, foldar fanko za a miƙa mata, kuma ba wani kuskure da zai fito. Saboda haka ka yi `findmnt -T` a ciki da waje. A wajen ne za ka sa `chattr +i`. Kana iya sa `RequiresMountsFor=/mnt/babba` a kan `pve-guests.service`, amma ka sani wannan zai hana dukan baƙi tashi in faifan bai zo ba, har waɗanda ba ruwansu da shi. A ƙaramin ofis mai baƙi biyu ko uku na yarda da wannan farashi. Ka kuma sani foldar da aka aro ta wannan hanya ba ta shiga ajiyar `vzdump`, umarnin da Proxmox ke adana kwafin baƙi da shi, sai ka yi mata tata ajiyar.

In foldar ta bayyana amma komai na ciki mallakin `nobody` ne, ɗaurin lafiya yake, lambobin mallaka ne suka saɓa. A kwantena marar gata, `root` na ciki lamba 100000 ne a waje, mai lamba 1000 a ciki kuma 101000 ne. Daidaita mallakar daga waje da `chown`. Irin wannan kwantena ba ta iya ɗaura foldar da ke zuwa ta hanyar sadarwa, wato NFS ko CIFS, da kanta, mai masauki ke ɗaurawa ya miƙa mata. Ƙananan ayyuka irin `sys-kernel-config.mount` da `sys-kernel-debug.mount` da kan nuna ja a cikin kwantena kuwa, an hana su ne da gangan, kada ka ɓata dare a kansu.

Ga togaciyar da na yi alkawari. Linux-VServer, wanda Jacques Gélinas ya fara a 2001, har yanzu akan tarar da shi a tsohuwar na'urar da kowa ke tsoron taɓawa. A can jerin ɗauri yana `/etc/vservers/suna/fstab` a wurin mai masauki, kuma kayan aikin mai masauki ne ke rubuta wa baƙuwa `/etc/mtab` duk lokacin tashi, daga samfurin `apps/init/mtab`. Shi ya sa `df` ke nuna tushe da suna `/dev/hdv1`, na'urar da babu ita. In `mtab` ya fito fanko bayan tashi, abin zargi shi ne rubutun tashi na cikin baƙuwar, irin `checkroot.sh` da `mountall.sh` na tsohon Debian, waɗanda ke share fayil ɗin don su sake cika shi alhali ba su da ikon ɗaura komai. Kashe su a cikin baƙuwar, ka bar mai masauki ya yi aikinsa. Can ma `/tmp` megabait 16 kacal ake ba shi in ba a sauya ba, abin da ke sa girka manhaja ya mutu da ƙorafin rashin wuri alhali faifai na da sarari.

Faifan da ke zuwa ta waya

In rumbun yana kan wata na'ura ta NFS, matsalar tsere ce. Wuta ta dawo, kowa ya tashi lokaci ɗaya, baƙuwa ta riga na'urar ajiya shiryawa. systemd ya san `nfs` da `cifs` na bukatar hanyar sadarwa, amma faifan iSCSI mai ext4 sai ka gaya masa da `_netdev`. Zaɓin `x-systemd.automount` ya fi yi mini, domin ba a ɗaurawa sai an taɓa foldar. A Proxmox kuma ana iya jera tashin baƙi da jinkiri tsakaninsu, misali `startup: order=1,up=60` ga wadda ya kamata ta riga kowa.

Gwajin ƙarshe

`mount -a` da ya yi nasara bai tabbatar da komai game da tashi ba, tun da a lokacin komai ya riga ya shirya. Zaɓi yammacin da ofis ya watse, ka yi gwaji uku. Sake tayar da baƙuwar kaɗai. Kashe mai masauki gaba ɗaya ka kunna, yadda wuta ke yi masa. Sannan cire faifai na biyu daga tsarin baƙuwar da gangan ka tayar da ita, ka tabbata SSH ya shiga, rumbun bayanai ya ƙi tashi, `touch` a maɗauri ya ƙi. Mayar da faifan, ka sake tayarwa, in komai ya zauna ka ajiye hoton lafiyarta:

`findmnt -rn -o TARGET,SOURCE,FSTYPE | sort > /root/dauri-lafiya.txt`

Ran da aka sake kiranka da hantsi, fitar da sabon jeri da wannan umarnin zuwa wani fayil, ka gwama su da `diff`. Ni nakan buga wannan jerin tare da sakamakon `blkid` a takarda, in manna a jikin akwatin mai masauki, kusa da lambar wayata.